Shirin daren 13 ga Disamba: hasashen yanayi ya ce babu gajimare, to ƙura fa?

Abdulhadi, Kano: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawara. Ina so in fita ɗaukar hoton zubar taurarin nan na Geminids, daren 13 wayewar garin 14 ga Disamba. Na duba, daren zai faɗo a farkon watan Musulunci, wata zai faɗi da wuri, ta nan babu matsala. Kyamarata ƙarama ce, da lens ɗin da ta zo da shi mai milimita 18 zuwa 55. Abin da nake tambaya shi ne hasashen yanayi. Manhajar wayata tana nuna babu gajimare ko kaɗan duk makon. In dogara da ita in kama mota tun yanzu? Wajen Tiga nake tunani.

Zainab, Sakkwato: Wa alaikumus salam. Ni ma ina biye, don ina son gwadawa da waya.

Malam Nasiru, Zariya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka biya kuɗin mota tukuna. A Disamba a Kano kusan kullum manhaja za ta ce maka babu gajimare, kuma gaskiya ta faɗa. Sai dai abin da ke rufe mana sama a hunturu ba gajimare ba ne, ƙura ce, ita kuwa yawancin manhajojin nan ba sa nuna ta a shafin farko. An gina su ne don mutanen Turai da Amurka, waɗanda babban abin tsoronsu gajimare ne.

Bari in yi ɗan bayani don a san abin da ake dubawa. Mafi yawan ƙurar da ke zuwa mana daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi. Wurin busasshen gindin tsohon tafkin Chadi ne tun zamanin da yake ƙato, ƙasar wurin fara ce, mai laushi ƙwarai. Iskar arewa maso gabas tana matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, sai ta yi ƙarfi ta kwashi ƙasar nan ta yi sama da ita. Daga can zuwa Kano kwana ɗaya ne zuwa biyu. Shi ya sa hazo ba ya zama iri ɗaya duk hunturu. Yakan zo ya yi kwanaki, ya lafa, sama ta buɗe, sannan wani ya sake tasowa. Aikinka shi ne ka gano ko daren 13 zai faɗo cikin lafawar.

Abdulhadi, Kano: Na gode Malam. To a ina ake ganin hasashen ƙurar?

Malam Nasiru, Zariya: A manhajar yanayi ta Windy akwai shi. In ka buɗe jerin taswirorin za ka ga na ƙura da na abin da suke rubutawa AOD, wato ma'aunin yadda ƙura da hayaƙi ke tare haske tun daga ƙasa har sama. Bayanan daga shirin Copernicus na Turai suke. Akwai kuma cibiyar hasashen ƙura ta Barcelona, wadda ke aiki ƙarƙashin hukumar yanayi ta duniya, tana fitar da na arewacin Afirka kullum. NiMet, hukumar yanayi ta Najeriya, ma tana sanar da hazo, har da nisan da ido zai iya gani.

Lambar AOD ɗin ita za ka riƙe. In ta tsaya wajen 0.2 ko ƙasa, dare ne mai kyau a wajenmu. In ta kai 0.7, rabin hasken tauraron da ke tsakar kanka ya tafi kafin ya iso kyamara. Wanda kuma ya sunkuyo zuwa digiri 30 daga ƙasa, haskensa yana ratsa ninki biyu na iskar, kashi ɗaya cikin huɗu kawai zai rage. In ta haura 1, ka yi zamanka a gida.

Baba Ɗanjuma, Dutse: Malam Nasiru ya yi bayani, Allah ya ƙara basira. Amma ni ina da ja. Yara, ku daina manne wa waya. Ka fito bayan la'asar ka dubi rana. In ka ga ta koma fara fat kamar faranti tun tana sama, har kana iya kallonta ba ka runtse ido ba, daren nan babu taurari. In ta faɗi ja, gefenta a yanke sarai har ta taɓa ƙasa, ɗauki kayanka. Sannan ka sami wani dutse ko dogon ƙarfen waya da ka san nisansa, ka riƙa duba shi kullum. Mu nan duwatsun gari ne ma'auninmu. Ranar da na nesa suka ɓace, an gama magana.

Malam Nasiru, Zariya: Baba, ranka ya daɗe, ban musa ba, kuma ni ma ina yin haka. Illarsa ɗaya ce, ido yana gaya maka na yau ne. Abdulhadi mota zai kama, ya nemi izini a wurin aiki, ya tara abokan tafiya. Yana bukatar sani tun saura kwana biyu ko uku.

Baba Ɗanjuma, Dutse: To ya haɗa biyun. Amma in waya ta ce e, rana ta ce a'a, ranar zai bi.

Mahamadu, Damagaram: Salamu alaikum jama'a. Maganar Baba da ta Malam duka suna kan hanya, amma akwai ta uku, ita ce mutane. Buji daga gabas yake zo muna. Mu in muka ji 'yan uwa na Diffa da Gure sun ce gari ya rufe, mun san gobe namu ne. Ku na Kano ku nemi wani a Maiduguri ko Nguru ku riƙa tambaya. Kuma filayen jirgi suna fitar da rahoton yanayi a kai a kai, ana ce da shi METAR, kowa na iya karantawa a intanet. Na Kano lambarsa DNKN, na Yamai DRRN. Ciki za ka ga lamba huɗu, nisan gani ne da mita. In ka ga 9999, kilomita goma ne ko fiye. In ka ga 2000 ko 1000 da harafin DU ko HZ a gefe, ƙura ce ko hazo. Wannan ba hasashe ba ne, abin da aka auna ne. Ku tuna agogon rahoton na GMT ne, sai ka ƙara awa ɗaya.

Abdulhadi, Kano: Wannan ban taɓa sani ba wallahi. Na duba yanzu, na ga lambar.

Hajiya Rabi, Jos: Ina muku sallama. Kun tattara a kan ƙura, da gaskiyarku, amma kada Abdulhadi ya ɗauka Disamba ba ta da gajimare sam. Akwai wani siriri na can sama sosai, wanda iska mai ƙarfi ta sama kan janyo daga wajen Tekun Atlantika ya ratso Afirka ta Yamma a irin wannan lokacin. Da rana za ka gan shi zare zare, da dare kuwa ido ba ya kama shi, sai ka ga a hoto kowane babban tauraro ya kumbura, ya yi da'ira. In akwai wata, za ka ga ya yi sansani. Saboda haka kada ka duba jimillar gajimare kaɗai. Manhajojin Clear Outside da Meteoblue da Windy duk suna raba shi uku, na ƙasa, na tsakiya, na sama. Layin na sama shi za ka sa wa ido.

Abu na biyu, kada ka tsaya a kan lissafi ɗaya. Cikin Windy kana iya sauya tsakanin na Turai, ECMWF, da na Amurka, GFS, da na Jamus, ICON. In ukun suka yi baki ɗaya, hankalina yakan kwanta. In suka saɓa, na san daren yana da shakka, sai in tanadi na biyu. Kuma duk abin da suka faɗa a kan gajimare da ya wuce kwana uku, ka ɗauke shi a matsayin jita-jita.

Zainab, Sakkwato: Anti Rabi, raɓa fa? Na ji ana cewa tana ɓata hoto.

Hajiya Rabi, Jos: Ƙwarai kuwa, ƙanwata. Amma ku a Sakkwato a Disamba iska a bushe take, da wuya ta dame ku sai in kuna bakin ruwa. Shi Abdulhadi da ya ambaci Tiga ya kamata ya kula, don gefen madatsar ruwa ne, da asuba danshi kan taso. A hasashen akwai lambobi biyu, zafin iska da ma'aunin da raɓa ke fara sauka. In tazarar da ke tsakaninsu ta ragu zuwa digiri biyu ko uku, gilashin kyamara zai jiƙe. Shi gilashin yana fuskantar sama, yana yin sanyi fiye da iskar da ke kewaye da shi, sai ya riga komai jiƙa. Mu nan a ƙarshen damina ita ce babbar damuwarmu. Akwai ɗamarar ɗumama lens da ake jonawa a fawa bank, ba ta da tsada. In babu, murfin gaban lens mai hana haske yana rage ta. Kada dai a goge gilashin da gefen riga, musamman in ƙura ta hau, zai karce.

Sanyi kuma yana cinye batir. Ka tafi da na biyu, ka ajiye shi a aljihun ciki.

Injiniya Bashir, Kaduna: Ni ban yarda a ce in AOD ya haura 1 a zauna a gida ba, Malam Nasiru. Ya danganta da abin da mutum yake nema. Abu biyu ne ake haɗawa a nan. Akwai tsabtar sama, akwai natsuwar iska. Mai ɗaukar Milky Way, wato farin zirin taurarin nan da ke ratsa sama, ko zubar taurari tsabta yake bukata. Ni da nake ɗaukar wata da duniyoyin Jupita da Satan da madubin hangen nesa, natsuwa nake nema, don su haskensu ya ishe su ratsa hazo. Na sami darare masu hazo da iska ta kwanta har zoben Satan ya fito a yanke. Na kuma ga daren da sama ta yi tas, taurari suna ta ƙyalƙyali, amma cikin madubi Jupita sai rawa yake. Ƙyalƙyalin nan da ke burge mutane alamar iska ce ke tafasa a sama. Meteoblue na da shafi na musamman a kan wannan, yana nuna har ƙarfin iskar sama.

Malam Nasiru, Zariya: Injiniya, magana ta gaskiya, na karɓa. Amma tambayar yaron nan a kan Geminids ce, da lens mai 18. Mafi yawan taurarin da ke zuba ƙanana ne, su ne hazo ke fara haɗiyewa. Adadin da ake yayatawa, sama da ɗari a awa, lissafi ne na sama mai duhu ƙwarai da tsabta. Cikin hazo mai kauri sai manyan kaɗai za su fito.

Injiniya Bashir, Kaduna: Manyan ai su ne ke yin hoto. Kyamara irin tasa dama ba za ta kama ƙananan ba ko da sama ta yi tas. Ni shawarata ya fita ko da hazo matsakaici ne, ya ɗaga kyamarar sama sosai. Wurin da suke fitowa yana kusa da tauraron Castor, daga Kano yana hawa har kusan digiri 70 wajen ƙarfe biyu na dare, ta ɓangaren arewa. Wannan sa'a ce gare mu, don a can sama hazon ya fi sauƙi. Abin da zai rasa shi ne hoton da ke haɗa bishiya ko dutse da sama, tunda gindin sama ne ke fara lalacewa.

Malam Nasiru, Zariya: A kan matsakaici mun daidaita. A kan mai kauri ina nan a kan bakana. Akwai ma lafiyar mutum, kwana a fili cikin wannan ƙurar ba wasa ba ne ga mai asma.

Hajiya Rabi, Jos: Wani abin da ba a ambata ba, ƙura tana ninka illar hasken gari. Fitilun Kano in suka haska sama, hazon ne ke watsa hasken ya dawo da shi, sai sama ta zama ruwan goro. Wurin da yake da duhu a Oktoba yana iya zama fayau a Disamba, alhali fitilun ba su ƙaru ba. Tiga tana kudu da Kano, Abdulhadi kuma arewa zai fuskanta da tsakar dare, wato ta saman birnin. Ka yi tunani a kan wannan, ɗana. Da ka fita ta arewa ko arewa maso gabas da gari, da birnin ya koma bayanka.

Abdulhadi, Kano: Kai, Hajiya, wannan ya sauya min lissafi gaba ɗaya. Muna da dangi a wajen Kazaure. Bari in yi musu magana.

Baba Ɗanjuma, Dutse: Gara haka. Wurin da aka san ka ya fi wurin da ya fi duhu. Ka isa da rana, ka gaida mai unguwa, ka gaya wa 'yan banga abin da ya kawo ka, ka nuna musu kyamarar. Mutum tsaye a gona ƙarfe biyu na dare da ƙarfe mai ƙafa uku, a wannan zamanin, ba kowa zai tsaya tambaya ba. Kuma kada ka tafi kai kaɗai. Ka tambaye su ko ana ƙona gonaki a kusa, don bayan girbi hayaƙin kan kwanta ƙasa da dare, shi kuma babu wayar da za ta gaya maka wane ne zai kunna wuta yau.

Zainab, Sakkwato: Don Allah wani ya yi min bayanin lissafin wata. Yaya zan san daren da babu farin wata?

Mahamadu, Damagaram: Wannan mu ya fi yi wa sauƙi, ƙanwata, tunda muna riƙe da kwanan watan Musulunci. Daga 27 ga wata zuwa 3 ko 4 ga sabo, kusan dukan dare duhu ne. Ran 7 wata yana faɗuwa wajen tsakar dare, sauran daren naki ne. Daga 12 zuwa 17 ki manta da ƙananan taurari. Wajen 22 kuma sai tsakar dare yake fitowa, farkon daren ne mai duhu. Ga lokacin fara aiki, in aka kira isha'i hasken rana ya gama janyewa, in alfijir ya keto an tashi. Manhajar taswirar sama ta Stellarium kyauta ce, za ta nuna miki komi da lokacinsa.

Zainab, Sakkwato: Allah ya saka da alheri, Yaya. Milky Way ɗin fa, zan same ta a Disamba?

Malam Nasiru, Zariya: Ɓangarenta mai haske, wanda kike gani a hotuna, a Disamba yana tare da rana. Sai wajen Maris yake fara fitowa kafin asuba, ya yi ta matsowa har Oktoba da ake ganinsa bayan isha'i ta yamma. Daga wajenmu yana hawa kusan digiri 50 ta kudu, abin da mutanen Turai ba sa samu. Matsalar ita ce lokacinsa mafi kyau ya faɗo cikin damina. Yanzu sai ki nemi Kaza da 'ya'yanta da taurarin Oriyon, suna sama sosai, kuma wayoyin da ke da tsarin ɗaukar dare suna kama su in an kafa wayar ba ta motsi.

Hajiya Rabi, Jos: Tunda an taɓo damina, bari in faɗi ra'ayina, ko da za a yi min ca. Sama mafi tsabta da nake samu a shekara cikin damina take, ba cikin rani ba. In hadari ya taso da yamma ya zubar ya wuce, yakan wanke iska tas, bayan tsakar dare sai ka ga taurari har gindin sama. Sai dai a nan ne lissafin kwamfuta ya fi rauni. Hadarinmu yana haɗuwa ne cikin 'yan awoyi, ya taho daga gabas zuwa yamma, kuma tashoshin auna yanayi a yankinmu ba su da yawa, don haka hasashe kan san cewa za a yi hadari amma ya kuskure wuri da lokaci. A damina hoton tauraron ɗan'adam nake bi, na Meteosat, wanda ke sabuntawa duk minti 10 zuwa 15, kuma yana gani har da dare. In na ga dunƙulen hadarin ya wuce mu, babu wani a bayansa ta gabas, sai in shirya. Abin lura shi ne mayafin siririn gajimare da yakan bari a baya, wani lokaci sai ya yi awa biyu ko uku kafin ya yaye.

Injiniya Bashir, Kaduna: Ba za a yi miki ca ba, Hajiya, haka ne. Ni dai na fi son ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, ƙura ba ta yi ƙarfi ba, hanya ta bushe. Meteosat ɗin ma yana da hoto na musamman na ƙura, a shafin EUMETSAT, hukumar Turai mai kula da shi, ƙurar tana fitowa da launin hoda mai haske. Kana ganin ta tana tasowa daga Bodele kamar an buɗe famfo. Abdulhadi, in ka ga haka ran 11 ko 12, ka san abin da ke tafe.

Abdulhadi, Kano: To in ran 13 ya lalace fa, shi ke nan sai baɗi?

Injiniya Bashir, Kaduna: A'a. Daren 12 ma ana samu da dama, daren 14 kuma akwai saura, amma bayan ƙololuwar yana raguwa da sauri, don haka in za ka matsa, matsa baya. Ka riƙe darare biyu a hannu. Ga saitin: lens a 18, buɗe shi iyakarsa, ISO (ma'aunin yadda kyamara ke jin haske) 3200, kowane hoto daƙiƙa 15. In ka wuce daƙiƙa 18 da irin kyamararka taurari za su fara jan layi. Ka kashe saitin gani na kai tsaye, ka daidaita da hannu a kan babban tauraro, sannan ka bar ta tana ɗauka a jere, awa biyu ko uku. Kada ka cire lens a fili, ƙura za ta shiga ciki. Iskar hunturu da hantsi ta fi ƙarfi, da dare takan kwanta, amma ka duba, in hasashe ya nuna fiye da kilomita 20 a awa ka rataya jaka a ƙafar kyamarar.

Baba Ɗanjuma, Dutse: Ka tafi da bargo da tabarma da shayi. Ka kwanta rigingine ka kalla da idonka, kyamara ta yi aikinta. Ka kashe hasken waya, ido yana bukatar kamar minti ashirin kafin ya saba da duhu.

Abdulhadi, Kano: Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Na yi magana da kawuna a Kazaure, ya ce in zo, akwai fili bayan gidansu. Ran 10 zan fara duba ƙura da gajimaren sama, ran 11 in yanke tsakanin daren 12 da 13. Yaya Mahamadu, don Allah in ka ji labari daga Diffa ka sanar da mu nan.

Mahamadu, Damagaram: In sha Allahu. Ran 11 da safe zan kira su, abin da suka ce zan rubuto. Wanda ke Nguru ko Maiduguri cikin ƙungiyar nan shi ma ya taimaka muna.

Zainab, Sakkwato: Akwai wata ƙawata a Maiduguri, zan sa ta riƙa turo hoton rana da la'asar daga ran 10.